Sallahun da Aka Ba Ni Zuwa Funtuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki irin gaisuwar da na saba yi miki a durƙushe a bakin ɗakinki, da fatan makwancinki yana da faɗi da haske. Matata Hajo da jikokinki suna nan lafiya gwargwadon hali. Na san ko kina raye ba ki karanta boko, ni ke karanta miki abin da aka aiko. Wannan ma wasu ne za su karanta, amma da ke nake magana, domin ke kaɗai na sani wadda aka taɓa yi wa abin da aka ce in yi wa wani yaro a tafiyar da za mu yi jibi.

Kin san tun ina kwalejin horon malamai nake da burin in ɗora yaran Isa a jirgin ƙasa. Kowace shekara ina zana musu layinsa a allo: ya tashi daga Ƙauran Namoda, ya gangara Gusau, ya bi ta Funtuwa ya faɗa Zariya, sannan ya karkata Kano. Su kwafa, su ci jarrabawa, amma babu wanda ya taɓa jin ƙarfen yana kuka a ƙarƙashinsa. Ƙaura kuwa ba ta da nisa da mu, motar Shinkafi tana kai mutum da rana tsaka. Abin da ke hana mu shi ne dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da ko yaron da bai fi ƙotar hauya tsawo ba yana da aiki a gona. In na tada maganar, iyaye su yi mini dariya. Ke ma kina cikinsu. Kika ce mini, “Ka ɗebe wa mutane ɗiya ana tsakar maimai, wai buɗe ido? Idonsu a buɗe yake, ciyawa suke gani.”

Bana babu maimai, Inna. An yi binne, aka zuba iri a busasshiyar ƙasa, ruwa ya zo kaɗan ya tsirar da shi, ya ɗauke. Aka sake shuka da ɗan irin da ya rage. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe kamar an kanga shi a wuta. An fita roƙon ruwa har an daina ƙirgawa. Hadari yakan haɗu da la'asar, mata su kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Gulbi ya koma rairayi, a cikinsa ake tonon ruwan sha. Ranar kasuwar Sabon Birni na ga makiyaya daga wajen Burkusuma suna jan shanun da in sun kwanta sai an kama wutsiya an ɗaga su. A unguwarmu an fara jiƙa 'ya'yan anza, abincin lokacin yunwa. Kin san ɗacinta, ba sai na gaya miki ba.

Sai na ce, tunda gona ta sake su, bari in cika wa 'yan ajina wannan buri. Tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a birane suka ɗauki nauyin tikiti da abincin hanya. Tunanina shi ne, ko ba komai yaran za su ci su ƙoshi na ɗan lokaci, idonsu kuma ya huta da kallon busasshen kara.

Da murna na tsara tafiyar, ba za ni ɓoye miki ba. Mu kwana Ƙaura a ajin wata makaranta, mu kama jirgin safe. Mu sauka Gusau su ga masaƙa, yadda inji ke yin zanen da iyayensu mata ke ɗaurawa. Funtuwa ba sauka, sai dai leƙen gonakin auduga daga cikin tarago. A Zariya akwai abokin karatuna da zai zagaya da mu ganuwa, ya kuma shigar da mu jami'a, don in nuna musu cewa masu karatu a can ba kai biyu gare su ba. Sannan Kano: mu hau Dala, mu je marina, mu tsaya bakin wayar filin jirgi mu ga jirgin sama ya tashi. Daga nan mu juyo ta hanyar da muka bi.

Bayan sallar Juma'a na tara iyaye a gindin durumin ƙofar makaranta. Na ambaci garuruwan ɗaya bayan ɗaya, ina jiran gardamar da na saba sha. Babu wanda ya yi. Na ji daɗi, har na ɗauka bayanina ne ya ratsa su. Sai na rufe da abin da kika koya mini, cewa matafiyi ba ya barin gari bai tambayi mai sallahu ba. Na ce duk mai saƙo zuwa garuruwan nan ya kawo, za ni kai shi hannu da hannu.

Kin tuna lokacin da nake komawa kwaleji, akwatina ya cika da daddawar mutane har littattafaina su yi wata suna wari? Akwai shekarar da na riƙe zabuwar wata tsohuwa a cinya har Sakkwato. In na yi ƙorafi ki ce, “In ka karɓa, ka kai shi hannun da aka ce maka. Ba ruwanka da abin da ke ciki.” A kan haka na tashi, a kan haka kuma mutanen garin nan suka san ni.

Na farko da suka zo, gaisuwa ce kawai suka bayar. Wata kuma ta ce in gaya wa ɗanta a Kano ya tuna yana da uwa. Sannan Nomau ya zo, maƙwabcin gonarmu ta bakin fadama, wanda yakan kawo miki kuɓewar fari. Ya zauna a gefen tabarma, aka kawo ruwa bai sha ba. Ya yi zancen rana, ya yi zancen tsadar dusa. Can ya ce, “Malam, ni ma ina da sallahu, amma nawa da ƙafarsa zai shiga mota.” Na yi dariya, na zaci akuya ce. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ƙanena na Funtuwa, wurin gurzar auduga. Ka miƙa mishi ɗana Arzika. Kada ka faɗa ma yaron sai jirgi ya tsaya.”

A nan na gane abin da ya sa ba a yi mini gardama a gindin durumi ba. Ni ina lissafin wuraren kallo, su suna lissafin inda suke da ɗan'uwa mai hatsi. Bayan Nomau wasu ma sun zo da irin nasa, wani Gusau, wani Zariya. Amma waɗannan sun gaya wa yaransu, har an wanke musu kaya. Arzika kaɗai ne bai sani ba.

Ba ki san shi sosai ba, yana ƙarami kika tafi. Shi ne ɗan farin Nomau, siriri, mai yawan tambaya. In na ce akwai mai tambaya, sauran yara shi suke juyowa su kalla. Shi na fi sa rai zai ci jarrabawar shiga sakandare. Tun da aka sa ranar tafiya bai bar ni na huta ba: wai in jirgi na tafiya a ina direba ke yin sallah, wai daga kan Dala ana hango Isa. Ya yi wa ƙanwarsa alkawarin alewar Kano. Kano kuwa tana gaba da Funtuwa, Inna. Yadda ubansa ya tsara, ba zai gan ta ba. Jirgi zai tsaya, in kama hannunsa in sauko da shi, in koma ciki ni kaɗai, 'yan ajinsu suna kallo.

Kwanakin nan in ya gaishe ni da safe, allo nake kallo in amsa.

Hajo ta ga na daina cin abincin kirki. Da na gaya mata, ta ce, “Ka riƙe shi nan mana. Bakin yaro guda me zai ci?” Ta faɗa, sannan ta dubi tukunya, domin ƙannenta sun riga sun taso daga ƙauye suna wurinmu. Duk da haka na kai wa Nomau maganar. Ya ce, “Ɗan'uwana na raye in ba maƙwabci ɗana? Mi za a ce da shi, mi za a ce da ni?” Ban ga laifinsa ba. Ban kuma ga laifinsa a kan tura yaron ba. Na leƙa rumbunsa da idona, ƙasan ake gani.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɓoyewar, kuma ke kika sa ya tsaya.

Sau ɗaya tak kika ba ni labarin, kina tsince wake a faifai, ba ki ko ɗago kai ba. Kika ce a wata yunwa ta zamanin ƙuruciyarki aka ɗaura miki zanenki mai kyau a Tsamaye, aka aza ki a jakin wani bafatake, aka ce suna za a kai ki Isa. Kina ta murna har kin manta ki waiwaya. Aka sauke ki gidan gwaggonki, mai jaki ya sha ruwa ya wuce. Kika yi ta tambayar ina jaririn. Kafin a sake kai ki Tsamaye, mahaifiyarki ta rasu.

Kika ce, “Gwaggo ba ta bar ni da yunwa ba, Allah Ya saka mata. Amma da Baba ya faɗa mini da bakinsa, da na dubi uwata da kyau.” Sai a ranar na gane abin da ya sa duk sunan da aka yi a unguwa, sai kin fi kowa jinkirin shiri.

To, ga ni tsakanin maganganunki biyu. Kin ce ba ruwana da abin da ke cikin sallahu. Kin kuma nuna mini yadda abin yake ga wanda aka ɗaure a ciki.

Shekaranjiya da hantsi na bi Nomau gona. Na same shi yana noma, Inna, yana kaftar ƙasa a gindin geron da shi ma ya san ya mutu, don zaman gida ya fi masa wuya. Na ce masa na karɓa a gaban jama'a, kuma za ni kai. Amma ba za ni ɗauki yaron ba sai ya san inda za shi, kuma daga bakin ubansa. Ransa ya ɓaci. Ya ce, “Abin da boko ya koya muku ke nan, kwance sallahun mutane.” Can ya sassauta murya ya ce, “Kai malami ne, baki ne aikinka. Ni in na buɗe nawa gabansa, ba magana za ta fito ba.”

Sai na ba shi labarinki. Ki gafarce ni, ban nemi izininki ba, na kuma san ba ki so a sani. Ya jingina da hauya. Ya ce shekara da shekaru yana gaishe ki a kan iyakar gona, bai taɓa sanin haka kika zo Isa ba. Bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba. Amma jiya da safe an ga ya fita da Arzika su biyu, ba hauya a hannun kowa.

Ni kuma na koma na warware tsarin tafiyar. Masaƙar Gusau tana nan a jadawalin, amma na janye yini guda daga Zariya na ba Funtuwa. A zuwa za mu sauka dukanmu mu kwana, in shiga gidan ƙanen Nomau in zauna, in ga matarsa, in ga inda yaron zai kwanta, in nemi hedimastan makarantar unguwar in yi masa bayanin irin kan da za a kawo masa. Sannan mu wuce da Arzika har Kano. Zai hau Dala, zai sayi alewarsa ya ba ni in kawo. Sai a komowa za ni miƙa shi. Nomau ya ce Funtuwa, bai ce a zuwa ko a komowa ba, kuma da na gaya masa ya ɗaga kai kawai.

Ban sani ba ko na yi daidai. Wataƙila na tsawaita wa yaro ciwo ne, ya yi ta kallon Kano da wannan a ransa. Wataƙila gidan can ba zai yi mini daɗin gani ba, in rasa yadda za ni yi, tunda gidan ubansa babu. Ina kuma tunanin ranar da za a koma makaranta in shiga ajin nan in ga benci da giɓi. Na yi shekaru ina roƙon a ba ni yaran nan in kai su su ga duniya. Ban taɓa zaton haka za a ba ni su ba.

Yau da yamma Arzika ya zo ina share allo. Ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ya yi ja, amma a bushe. Ya ce, “Malam, in aka yi ruwa muna Kano, za ka wuce Funtuwa da ni?”

Na so in ce masa i. Bakina har ya buɗe. Na ce masa ko yau aka yi ruwa, geron nan ba zai tashi ba.

Ya ce, “Na sani. Na dai tambaya ne.” Ya ɗan tsaya yana murza bakin rigarsa. Sannan ya ce, “To a zuwa ka bar mini wajen taga, in riƙe hanya.”

Na ce na bar masa.

Inna, Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da mahaifiyarki inda ba a sake rabuwa. Allah Ya dubi ƙasar Gobir da rahama, Ya dubi dabbobi da ƙananan yara in mu manya ba mu cancanta ba. Allah Ya sanyaya zuciyar Nomau da ta matarsa, Ya sa mutanen Funtuwa su riƙe amana. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin hannun da zai saki na yaron nan in lokaci ya yi, da tsawon ran da za ni koma in ɗauko shi.

Ɗanki da bai daina neman shawararki ba,
Ummaru, daga Isa