Ragowar Shayin Baba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Suga ne. Sista Salomi ta asibitin Wusasa ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce dishi-dishin da nake gani daga nan yake, in kuma ban canza ba ido zai tafi. "Malam Abdulhamid, magani kaɗai ba zai isa ba. Ka bar zaƙi, ka riƙa tafiyar ƙasa kullum da safe." Na ce to. Mai ɗinkin hannu in babu ido, me ya rage masa? Matata Fiddausi kaɗai na faɗa wa, na roƙe ta kada ta faɗa wa ko yayarta. In maganar ta fita a garin nan, ba mai sake ba ni shaddarsa in yi mata aska takwas.

Laraba, 9 ga Yuli

Na fara tafiyar, wai. Na fito daga Ƙofar Kibo da niyyar in taɓa Ƙofar Doka in dawo. Ban yi nisa ba Suhail mai kanti ya ci burki. "Lafiya? Mashin ya lalace? Hau." Na ce ba nisa za ni ba. Ya rantse ba zai wuce ni a ƙasa ba. Haka aka kai ni Ƙofar Doka a zaune, ba abin da ya kai ni can, na tsaya ina kallon masu sayar da ƙosai. A dawowa ma wani ya ɗauko ni. Kirkin mutanen Zazzau sai ya kashe ni.

Asabar, 12 ga Yuli

Na koma bin lunguna, inda mashin ba ya shiga. Duk caɓi. Ƙafa ciwo, rai a ɓace.

Alhamis, 17 ga Yuli

A gida da sauƙi. Fiddausi ta ɓoye gwangwanin sukari, koko ma yanzu salam nake sha, ina sha ina harararta kamar ita ta ɗora mini ciwon.

Zaure ne matsalar. Baba Zaharaddeen, ƙanin mahaifina, shi ya koya mini riƙe allura, a zaurensa muke ɗinki har yau. Shayinmu buta ɗaya ce, da sukarin ake tafasa shi har ya yi kauri. Kofin farko na Baba ne. Ya sha rabi, ya miƙa wa babban almajirinsa ragowar, don albarka. Tun rasuwar yayana, wanda shi ne babba a da, ni ake miƙa wa. Ta ina zan ce wa Baba ba na shan ragowarsa? Yau ma na shanye. Kuma ya yi daɗi, wannan shi ne abin haushin.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na samo dabara. In ya miƙo, sai in kai baki kamar na sha, in ya juya in tsiyaye a gindin bango ta bayan tabarma. Baba ba ya gani sosai. Shekaru ke nan ni nake zura masa zare a allura kowace safiya, ɗinkin ma da lalube yake yi. Ban taɓa tambayar abin da ya ci idonsa ba, mun ce tsufa ne. Yanzu in na dube shi sai gabana ya faɗi.

Lahadi, 3 ga Agusta

Suna a gidan Hajo, 'yar uwarmu. Alkaki, nakiya, lemon kwalba. Na ce guda ɗaya kawai. Ba zan rubuta sauran ba.

Litinin, 4 ga Agusta

Ban fita tafiya ba, na ce ruwan sama ne. Yayyafi ne kawai.

A zaure Baba ya miƙo allurarsa kamar kullum. Na yi ta zurawa zaren yana zamewa, kafar allurar ta zame mini biyu. Ya ce, "Yau kuma lafiya?" Na ce hasken ne. Auwal, wanda bai daɗe da ƙwarewa ba, ya karɓa ya zura tashi ɗaya. Da rana na lura linzamin da nake ɗinkawa a wuyan rigar wani Alhaji mai ba ni aiki ya karkace, sai da na warware aikin jiya da shekaranjiya. Tsoro nake ji. Tsoro sosai.

Talata, 12 ga Agusta

An kama ni. Ina tsiyaye shayin sai na ji muryar Baba, a hankali, ko juyowa bai yi ba: "Abdu, idona ne ya tafi. Kunnena yana nan." Tururuwa ma ashe sun daɗe da tona ni, sun yi layi a gindin bangon kowa na gani.

Laraba, 13 ga Agusta

Yau Auwal ne Baba ya miƙa wa kofin. Allurar ma Auwal. Na gaida Baba ya amsa a gajarce, kamar baƙo. Yana ganin ƙyamar bakinsa nake yi. Ni, da ya yi ta ba ni loma da hannunsa ina ƙarami!

Fiddausi ta ce, "Kai dai ka zaɓa. Ko a san ba ka da lafiya, ko a ce ba ka da tarbiyya." Na yi mata tsawa. Gaskiya ta faɗa.

Asabar, 16 ga Agusta

Na faɗa masa, a gaban kowa, don in na jira mu keɓe ba zan iya ba. Na durƙusa na ce Baba suga gare ni, an ce in ban bar zaƙi ba zan makance. Ya shafa ɗinkin da ke cinyarsa. Can ya ce, "Ni ma haka likita ya ce mini, tun kana saurayi. Na ce shayi ba ya kashe mutum." Shi ke nan.

Yanzu gari zai ji. Wataƙila aiki ya ragu. Ban sani ba.

Litinin, 1 ga Satumba

Alhaji ya aiko a karɓi shaddarsa ta biyu, wai ya fasa ɗinkin. Na gane. Na wuni ba na son magana da kowa.

Asabar, 20 ga Satumba

Ba wani labari. Na farka ana yayyafi, ban tsaya shawara da kaina ba, sai gani na yi na kusa Ƙofar Doka. Ta babban titi ma na bi. Suhail ya wuce, hon kawai ya yi ya ɗaga hannu.

Idon yana nan yadda yake, bai ƙaru ba dai. Ba zan ce komai ba tukuna, kada in yi wa kaina baki.

A zaure yanzu buta biyu ake ɗorawa, ban san wa ya ce a yi ba. Ƙaramar ba sukari. Daga ita Baba ya sa a zuba masa yau. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai ruwan wankin ganye ne. Ya daure ya sha rabi. Sannan ya miƙo hannu ta inda nake zaune, ya ce, "Abdu, karɓi."

Na shanye tas.