A Littafin Ta Mutu, Ni Kuma Na Rayu

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Ban saba rubutu ba, hannuna ya fi sanin almakashi. Sunana ma ban sa ba, kada ki wahalar da kanki wajen ɓoye shi.

Ni tela ce, shekarata hamsin da uku. Ina da shago mai ƙofa ɗaya a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da teburin yanka, da dogon madubi mai tsaga a kusurwa. Mijina ya rasu shekara huɗu ke nan. 'Ya ɗaya Allah Ya ba mu, shekararta ashirin da biyu, tana ajin ƙarshe a kwalejin horar da malamai. Auta muke ce mata duk da ba ta da yayye. Babanta ne ya fara tsokanar ta da shi, sunan ya bi ta.

Wata biyu da suka wuce aka ba su wani tsohon littafi a makaranta, fassara ce daga wani harshe, aka ce za a yi jarrabawa a kansa. Auta ba ta iya karatu a zuci, sai ta ji muryarta. Kullum da la'asar in ta dawo sai ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta riƙa karantawa da ƙarfi, ni kuma ina kafa maɓallai ko ina kalmasa. Labarin wata karuwa ce mai aji, wadda manya ke rububinta, ta zo ta kamu da son wani saurayi da bai ajiye komai ba. Ta bar komai saboda shi, duniya ta ƙi barin su su zauna, ƙarshe ciwo ya kashe ta a ɗakin da ba kowa.

Tun babi na uku na fara soke yatsana da allura. Wanda ya rubuta littafin nan ya shiga irin waɗannan ɗakunan, ko kuwa wata ta ba shi labari ba ta rage komai ba. Yadda matar ke dariyar barkwancin da ba ta ma saurara ba. Yadda take gane kowane namiji da takunsa a matakala, ta gyara fuskar da ta dace da shi kafin ya ƙwanƙwasa. Auta tana karantawa tana cewa marubucin ya iya ƙirƙira. Ni kuwa na san bai ƙirƙiri komai ba.

Malama, tun ina da shekara goma sha tara har zuwa ashirin da takwas na yi zaman kaina a wani gari nesa da nan. Ba zan yi wa abin kwalliya ba, karuwanci ne, sai dai na masu labule mai kauri. Ba kuma zan ɗora wa kowa laifi ba, ko da yake akwai waɗanda zan iya ɗora wa. Ina hawa na biyu a wani gidan haya, ana kirana 'Yar Gwal saboda haƙorin gwal da nake da shi a lokacin. Na cire shi tun kafin a haifi Auta.

Ni ma na yi nawa saurayin. Mai ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti. Na je da karaya a wuyan hannu, ya riƙe hannun nawa kamar abin da zai iya fashewa, ya tambaye ni ko ya yi mini zafi. Na daɗe rabon da wani namiji ya yi mini wannan tambayar. Saboda shi na sallami kowa, na koma ɗaki ɗaya a bayan wani gidan burodi, na koyi girki, na koyi jira. Shekara ɗaya da wata biyar muka yi ana maganar aure. A littafin, mutane sun taru sun raba su, aka yi kuka, aka yi rantsuwa. Ni ba wanda ya zo ya raba mu. Zuwansa ne kawai ya riƙa raguwa, daga kullum zuwa ƙarshen mako, daga nan zuwa shiru. Da na je asibitin nemansa, wata mai shara ce ta gaya mini yana hutun angwanci.

Na kwanta ciwo wata uku. Na jira mutuwa kamar mai jiran mota a bakin hanya, ba ta zo ba. Tsohuwar da nake haya a gidanta tela ce, ita ta gaji da ganina a kwance ta ɗora ni a kan keke. A shagonta na haɗu da baban Auta, direba ne mai kawo mata yadi. Kafin mu yi aure na zaunar da shi na gaya masa komai. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu, sannan ya ce abin da ya wuce ba da shi aka yi ba. Shekara goma sha tara muka zauna, mun yi faɗa a kan abubuwa da yawa, har a kan gishiri, amma bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Shi kaɗai ya sani a garin nan, kuma ya tafi da shi kabari.

Ranar da Auta ta kai ƙarshen littafin ta yi kuka har da shessheƙa. Ban san abin da ya kai bakina ba, na tambaye ta, to da matar ba ta mutu ba fa? Tana share hanci ta ce, "Ai da labarin ya ɓaci, Mama. Mutuwar ce ta wanke ta. Da ta rayu ta haihu, wa zai so a ce shi ne ɗanta?" Ba da mugunta ta faɗa ba. Tana gama faɗa ta tambaye ni me za mu dafa.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye, na saba haɗiya. To Auta tana da mai nemanta, malamin lissafi ne a makarantar da ta yi gwajin koyarwa, yaro mai natsuwa, ban ga aibunsa ba. Kwana goma sha tara da suka wuce mahaifiyarsa da gwaggonsa suka zo gida don mu san juna. Tun da gwaggon ta zauna take kallona, ni ban gane ta ba, ta tsufa ta yi ƙiba. Sai da na rako su ƙofa, ta sunkuya tana sa takalmi, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Ashe kina nan da rai, 'Yar Gwal." Nan na tuna ta. Matar aure ce a hawan ƙasa na gidan hayar nan, wadda take janye 'ya'yanta in na zo wucewa.

Mahaifiyar yaron ta ce za ta kira cikin mako ɗaya a sa ranar da iyayensa maza za su zo. Har yau shiru. Yaron yana kiran Auta, amma ta ce maganarsa ta gajarce, kullum yana da takardun da zai duba. Jiya na same ta tsaye a falo tana kallon kujerunmu. Ta ce ko ƙanƙantar gidanmu ce ta kore su, ko mu canja labule. Na shiga bayi na kunna famfo don kada ta ji ni.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ina da hawan jini, kuma yau kwana goma sha ɗaya ban sha magani ba. Ban ce zan yi wa kaina wani abu ba. Kwalbar maganin kawai na ajiye a bayan madubi na ƙyale. Ina ta tunanin ba mai tonon asirin uwar da ta mutu, marainiya kuwa tausayinta ake ji. Wataƙila yarinyar ta yi gaskiya.

Malama, in gaya mata ne, in ga fuskarta ta canja? In je in durƙusa wa gwaggon nan? Ko in yi shiru in ga abin da Allah zai yi? Wallahi kaina ya kulle.

Tela, uwar 'ya ɗaya

*

'Yar uwa, zan fara da kwalbar da ke bayan madubi, domin sauran maganar duk za ta iya jira zuwa gobe, wannan kuwa ba za ta jira ba. Ki rufe shago yau ki je asibiti a auna ki. Kada ki haɗa magungunan da kika tsallake ki sha lokaci ɗaya, ki bar likita ya gaya miki yadda za ki koma. Kuma ki gaya masa dalilin da ya sa kika daina, kamar yadda kika gaya mini. Kin ce ba ki yi niyyar yi wa kanki komai ba, na ji, amma barin magani da fatan ciwo ya gama aikin hanya ɗaya ce da wancan, tafiyar ce kawai a hankali. Ki nemi mutum ɗaya da kika yarda da shi ya raka ki. Ba sai ya san tarihinki ba, ya isa ya san kina cikin damuwa.

Lissafin da kike yi ma bai fita ba. In kin mutu, bakin gwaggon nan ba zai mutu tare da ke ba. Auta za ta ji labarin a bakin wasu, da ƙari da gishiri, kuma ba ta da uwar da za ta tambaya ko gaskiya ne. Za ta rasa ki, sannan ta rasa wadda ta ɗauka ke ce. Ba gata za ki yi mata ba.

Ni ma na karanta irin wannan littafin ina budurwa, na jiƙa matashi da hawaye. Sai da na girma na lura cewa gawa tana da sauƙin yafewa. Ba ta neman wurin zama a cikin mutane, ba ta neman a auri 'yarta, ba ta buƙatar kowa ya gaishe ta a hanya. Marubuci ya kashe matar, mai karatu ya yi kukansa ya ji shi mutumin kirki ne, ba a tambaye shi komai ba. Abin da kika yi ya fi wannan wuya. Kin tashi daga shimfiɗar ciwo, kin koyi sana'a, kin faɗa wa namiji gaskiya kafin ya aure ki, kin rene yarinya har ta kusa zama malama. Ba a cika rubuta irin wannan ba saboda ba ya sa kuka, amma shi ne tuba da ake gani da ido.

Ban ga laifinki ba da kika rufe abin da ya wuce. Ba kowane abu ne 'ya ke da haƙƙin sani game da uwarta ba, kuma da ba a gane ki ba da na ce ki ci gaba da shirunki. Amma yanzu sirrin ya bar hannunki. Ba mu da tabbacin gwaggon ta yi magana, sai dai shirun kwana goma sha tara ba alama ce mai kyau ba, ga yarinya tana zargin kujeru da labule. Ki gaya mata cikin makon nan, bayan kin ga likita. A gida, da rana, ku biyu, waya a kashe. Ki faɗi gaskiya a taƙaice, ba sunaye, ba ƙididdiga. Ki gaya mata babanta ya sani tun kafin aure kuma ya zaɓe ki, domin wannan ne zai riƙe ta lokacin da ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta.

Ki shirya wa fushinta. Tana iya yin kwanaki ba ta kalle ki ba, tana iya faɗin abin da zai yi miki ciwo, kuma tana da uzuri, don aurenta ne ke rawa a kan abin da ba ita ta aikata ba. Kada ki kare kanki, kada kuma ki yarda ki zama abin takawa. Maganar da ta yi a shago magana ce ta wadda rayuwa ba ta gwada ba tukuna. Za ta tuna da ita, kuma za ta fi ki jin zafinta. Ki riga ta, ki ce ba ki riƙe ta ba.

Gwaggo kuwa, kada ki je. Roƙo zai ba ta abin da za ta ƙara a labarin ne kawai. Su ma dangin yaron ba dodanni ba ne, tsoron bakin mutane suke yi, kuma tsoro ne da kowa ya sani. Amma maganar ta Auta ce da mai nemanta. In ta huce, ta tambaye shi kai tsaye me ya ji kuma ina ya tsaya. Ba zan yaudare ki ba, auren nan yana iya fasuwa. In ya fasu za ta yi kuka, za ta warke, kuma gara ta san nauyin mutumin yanzu da ta sani bayan ta haihu. In kuma ya tsaya, to ta samu irin babanta.

Ki ci abinci kafin ki fara maganar, ki zauna kusa da ita, kada ki sunkuyar da kai fiye da kima. Allah Ya sassauta miki, Ya tausasa zuciyar 'yarki, Ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. Allah Ya ba ki tsawon rai, 'yar uwa, kuma da gangan na zaɓi wannan addu'ar.