Na Farke Ɗinkin Lambar Kaka Saje

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga ubansa, da roƙon Allah ya yalwata maka makwanci, ɗanka Habu ne ke rubuto maka daga Dubai. Na san ba karantawa za ka yi ba. Amma a cikin masu rai na rasa wanda zan gaya wa wannan magana, ga shi jibi Alhamis jirgina zai tashi zuwa Kano.

Maganar lambar mahaifinka ce, Kaka Saje.

Ka san matsayinta a gidanmu. Duk jaririn da aka haifa, ranar suna sai yayarka Gwaggo Asabe ta ɗora masa ita a ƙirji kafin wanzami ya taɓa kansa, wai ya ɗauko zuciyar kakansa da ya je yaƙin Habasha ya dawo da lambar Turawa. An ɗora mini, an ɗora wa 'ya'yana uku. Mu a wajenmu Bature Bature ne, ba wanda ya taɓa tambayar wane Baturen ya bayar. Rubutun da ke jiki da ya gagari 'yan bokon gidan, sai muka ce tsohon Turanci ne.

Ina tuna ka da farar riga a kan keke, ka nufi ofishin tsofaffin sojoji don a sa sunan Kaka cikin waɗanda aka girmama. In ka dawo sai ka jingine keken ka ce, "Sun ce wani makon." Mu yara har waƙa muka mai da ita a bayan idonka, Allah ya yafe mana. Daga baya ka daina zuwa, ka daina ma zancen.

Bayan rasuwarka Gwaggo ta damƙa mini lambar. Ta ce tunda garin da nake kowace ƙabila ta duniya akwai ta, in nemo mai iya karanta rubutun, ta ji da kunnenta kafin ta bi ka. Ta haura tasa'in yanzu, Baba, idon ma ya tafi. Ni kuwa ɗan naka da ka sani da jan ƙafa, shekara biyu lambar na ƙasan akwatina a ɗakin da muke kwana mu shida a unguwar Muraqqabat.

Makon jiya wani tsohon Ba'italiye, Marko, ya zo ofishinmu na kago, wato aika kaya, a unguwar Port Saeed a nan Dubai, zai aika injinan yankan tayil zuwa Legas. Mutum ne mai surutu, ya ishe ni da zancen gahawar garinsu. Ranar da zai dawo karɓar takardunsa na taho da lambar, don dai in ba shi wani abin da zai yi magana a kai. Yana ganinta ya miƙe tsaye, ya karɓa da hannu biyu.

Ya ce tasu ce. Wani sarki ne ya ƙirƙiro ta sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, tun ƙasar tasu ba ta haɗu ta zama ɗaya ba. Akwai ta zinariya, akwai ta azurfa, daga baya aka ƙara ta tagulla, irin tamu, duk da shuɗin ƙyalle ake rataya su. Kalmomin nan uku da suka gagare mu, cewa suke: don jarumtar soja. Ya ce ba a ba da ita don daɗewa a aiki ko don an ji rauni kawai. Sai wanda ya sa ransa a haɗari ya yi abin da ya wuce aikinsa, abin da ko bai yi ba babu mai zarginsa. Sai an sami shaidu, manyansa sun rubuta, an zauna an tantance. Da yawa ma sai bayan sun mutu ake kai wa iyalansu.

Baba, a nan na tafka wautar da ta hana ni sukuni. Ina jin kalmar jarumta ban tsaya ya ƙarasa ba, na fita baranda na buga wa Gwaggo. Na ce an karanta, lambar jarumai ce. Na ji guɗarta ta waya, na ji tana kiran sunanka tana cewa da ma kana raye.

Da na koma ciki Marko ya tambaye ni a hankali, kakan nawa a wane ɓangare ya yi yaƙin. Na ce da Ingilishi mana. Sai ya ce a Habasha da sojojin ƙasarsu Ingilishi suka gwabza, kuma babu mai rataya wa abokin gaba irin wannan. Ya juya ta ya nuna mini bayanta, inda aka rufe da jar fata aka ɗinke kamar laya. Ya ce sunan mai ita yana ƙarƙashi, da wurin, da shekarar.

Jiya bayan la'asar, da abokan ɗakina suka fita, na sa reza na farke. Sunan wani mutum ne da ban iya ko furtawa ba, da shekarar da ta riga shigar Kaka soja. Amma ba shi ne ya karya ni ba. Tsakanin fatar da tagullar akwai 'yar takarda a naɗe, an yago ta daga littafin makaranta. Rubutunka ne, wannan mai karkata hagu da kake sa mana hannu da shi a katin jarrabawa. Ka rubuta: "Ba ta Baba ba ce. Kada Yaya ta sani."

Ashe ka sani. Ashe duk sunan da aka yi a gidan nan kana zaune a kan tabarma kana kallon ana ɗora wa jikokinka ita, kana cewa amin. Wa ya karanta maka? Ka yi kuka a ranar, ko keken kawai ka hau ka dawo gida? Ni da nake ganin shirunka taurin kai ne, yau ga ni da irinsa kwana ɗaya tak, ya fi ƙarfina.

Ban san yadda Kaka ya same ta ba. Ko a jikin gawa ya cire, ko wani fursuna ya ba shi a kan ruwan sha, ko tsinta ya yi a hanya. Marko ya ce duk ana yi a yaƙi, ya kuma ce in ina so zai taya ni neman dangin mutumin, wataƙila akwai wata tsohuwa a can da ke jiran labarin ubanta. Na ce masa khalas, ya isa haka, ya bar ni tukuna.

Gwaggo ta sa a yi saukar Alƙur'ani ranar Juma'a, ta gayyaci unguwa, an ɗaure rago. Ta aiko mini da saƙon murya cewa ni zan tashi in yi wa mutane bayani. Na sayo allura da zare zan mai da ɗinkin yadda ka yi, amma na ajiye su ban ɗinka ba. Zan iya cewa lambar jarumta ce, ta Italiya ce, Kaka ya dawo da ita daga yaƙi, kuma ban yi ƙarya ba. Amma ka san yayarka, ba ta barin zance a rabi. In ta riƙo hannuna ta ce in karanta mata sunan da ke jiki, wallahi ban san abin da zai fito daga bakina ba. Tsoro nake ji, Baba. Ina tsoron in yi mata ƙarya a ƙarshen rayuwarta, ina tsoron gaskiyar ta zama ajalinta.

Ya Allah ka jiƙan mahaifina, ka saka masa da nauyin da ya ɗauka shi kaɗai. Ka yafe wa Kaka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sanyaya zuciyar Gwaggo. Ni kuma ka riƙe harshena ranar Juma'a, ka sa mini abin da ba zan ji kunyarsa a gabanka ba. Amin.

Ɗanka da bai taɓa tambayarka abin da ke damunka ba,
Habu
Muraqqabat, Dubai