Kwalayen Maɓallan Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aikin kantin magani? Mu dai da godiya, amma jikin Baba ba daɗi. Wata biyu ke nan barci kawai yake yi. Loma a hannu zai fara gyangyaɗi, harshensa ya yi nauyi, jiya ma ya faɗi a ƙofar banɗaki. Telan da ya shekara arba'in yana zura zare ba tabarau, yau kofi sai an riƙe masa. Kawu ya ce tsufa ne, har ya yi wa wani alkawarin keken ɗinkin Baba ƙarshen wata. Wallahi na yi kuka.

Magani kam ba na fashi. Na ɓare su duka na zuba a gwangwani ɗaya, kullum ina ba shi ƙwaya fara da rawaya, da cokalin maganin tari. Ki gaida mai gidanki.

Yayarki.

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Fara da rawaya ai ba suna ba ne. Don Allah ki nemo kwalayen, ki kwafo mini abin da ke jiki, har ƙananan rubutun. Wa ya rubuta kowanne? Ki huta lafiya.

Auta.

Malamar magani,

Gaisuwa mai yawa. Kin sa ni shara kamar sabuwar 'yar aiki! Na ɗauka na zubar da su, ashe Baba ya tsince. Kin san halinsa, ba ya barin kwali ya wuce, maɓallai yake tarawa a ciki. A aljihun keken na same su, ga shi na kwafo. Farar ƙwayar, likitan asibiti ne ya rubuta saboda rashin barci, rawayar kuma likitan unguwa, lokacin da Baba ke yawan fargaba. Kowanne bai san da ɗan'uwansa ba. Sai na ji ki.

Yayarki.

Yaya,

Bayan gaisuwa, na duba abin da kika kwafo. Magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Ninki biyu Baba yake sha. Irinsa yana rage gudun aikin ƙwaƙwalwa, a jikin tsoho kuma yana daɗewa bai fita ba, na jiya na nan na yau ya hau kai. Maganin tarin ma yana sa barci. Haɗin nan yana iya taɓa numfashi.

Amma kada ki tsayar masa lokaci ɗaya, hakan ma haɗari ne. Yau ɗin nan ki kai shi wurin likita ɗaya da duka kwalayen, shi zai riƙa ragewa sannu a hankali. Ba laifinki ba ne, Yaya. Ki ce wa Kawu na gaishe shi, ina roƙon kada a taɓa keken.

Auta.

Auta,

Ni ne da kaina, kin dai gane rubutun. Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Tunda likita ya fara rage maganin na wartsake. Mutumin Kawunku ya zo ɗaukar keke ya tarar ina kai. Ya tafi ba keke, amma na rage masa tsawon wando.

Ga riga nan, da ido na auna ki. Ki gaya wa yayarki ta dawo mini da kwalayena, maɓallaina duk sun cakuɗe.

Mahaifinki.