Ganga ba ta taɓa bin hagu ba

Lalla Zuhur, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Saura kwana goma sha tara a yi taron zarda na ƙauyenmu, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Shekarata hamsin da biyu, daga wani ƙauye nake a kudancin Tunisiya, ba sai na faɗi sunansa ba. Mu baƙaƙe ne. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda kowa ke kira Dada Mbarka. Shekara arba'in ita ke kan madambacin kuskus duk lokacin da aka gama ɗiban zaitun aka taru zarda, walimar da muke yi kowace shekara a hubbaren waliyyin garin. Ita ke wankan gawar mata, fara ce ko baƙa. Babu gidan da ba ta shiga ta rufe wa wata ido ba.

Ranar da ta cika, maza suka ɗauki makara, suka wuce ƙofar babbar makabarta ko kallonta ba su yi ba, suka kai ta bayan injin matsar zaitun inda ake binne mu. Makabartar bayi ake ce wa wurin har yau, har yara ma haka suke faɗa. Awaki ke kiwo a kai. Ba wanda ya hana mu babbar, Lalla, abin da ke ci mini rai ke nan, ba wanda ma ya tambaya. Can bayan injin aka binne mahaifina da ɗana na fari ban taɓa ɗaga kai ba. Sai a kanta abin ya tsaya mini a wuya.

Akwai Munsif. Uwarsa ta kwanta jinya bayan haihuwarsa, Dada ta shayar da mu tare, ni a dama shi a hagu. Ɗan'uwana ne na nono, fari ne, kuma yanzu shi ne shugaban masu shirya zarda. Ya yi kuka kamar ransa zai fita, shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Da ya zo gaisuwa na ce masa, "Munsif, ka ga inda ka ajiye uwarka?" Ya ce, "Haba 'yar'uwa, ƙasa ai duk ta Allah ce." Na ce to tunda ta Allah ce, in lokacinsa ya yi a haƙa masa kusa da ita. Ya sunkuyar da kai, har shayinsa ya huce bai sha ba.

A safiyar zarda, kafin a ci abinci, ana fita ziyara. Masu ganga da algaita a gaba, duk 'yan unguwarmu ne, sauran gari a bayansu. A mararraba sai a karya dama zuwa babbar makabarta, liman ya kira sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, a yi musu addu'a, a zuba ruwa a kaburbura. Hagu hanyarmu ce, ganga ba ta taɓa binta ba. Namu mamatan sai da la'asar muke zuwa mu kaɗai, bayan mun wanke tukwane. Bana ni aka miƙa wa ludayin Dada. Wato in tsaya kan wuta in ciyar da mutum ɗari huɗu, su je su yi wa nasu addu'a, ita ko sunanta ba za a ambata ba.

'Yata Sausan, ma'aikaciyar jinya ce a birni, ta ce bana kada a ɗora tukunya, kada a taɓa ganga. A karɓi lasifika a amayar musu da komai: makabarta, da kalmar nan mai nufin 'yantaccen bawa da ke manne da sunanmu a takardun haihuwa, da samarinmu masu digiri da ba a tunawa da su sai za a yi kiɗan biki. Ta ce, "Ummi, har yaushe za mu riƙa yi musu kiɗa suna rawa a kanmu?" Kawu Balkasim, babban mai ganga, ya ce yarinyar nan iskar birni ce ke ɗibanta, wai zarda ce kaɗai ranar da ake ce masa Sidi, wato yallaɓai, a shekara, kada a ƙwace masa ita. Munsif ya ji labari ya zo har gida ya haɗa ni da nonon Dada kada in ɓata taro, wai a bar maganar a bi ta a hankali.

Wallahi ina son Munsif. Kuma Dada ba abin da take so kamar zarda, da tana raye cewa za ta yi in rufe baki in duba wuta. In na yi magana ina tsoron na rasa ɗan'uwa. In na yi shiru, da wane ido zan je kabarinta da la'asar? Kullum sai na ɗauko ludayin nan in sa a gaba in yi ta kuka. Yaya zan yi?

Mai riƙe da ludayin uwarta

'Yar'uwata, Allah ya jiƙan Dada, ya haskaka kabarinta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, sau biyu kuma na share hawaye. Ba son rigima ke damunki ba, zalunci kika gani, kuma kin kira shi da sunansa.

Sausan tana da gaskiya a kan abin da ta lissafa, amma ban bi ta a kan hanyar ba. Mutum ɗari huɗu masu jin yunwa cikinsu kawai za su ji, gobe kuma labarin zai zama na matar da ta hana gari abinci, a manta da makabarta. Kawu Balkasim ma kada ki raina maganarsa, dattijo ne da ke kare ɗan mutuncin da aka bar masa. Shi kuwa Munsif, kukansa na gaske ne, amma "a hankali" ɗin nan an shekara arba'in ana yinsa a gaban Dada.

Ki sake duba abin da kika rubuta. Wa ke gaba ranar ziyara? Ganga. Gari ba liman yake bi ba, ba Munsif ba, Kawu Balkasim yake bi. Ki je masa da girmamawa, ki roƙe shi bana ya fara karyawa hagu, sannan a dawo dama. Ba ƙwace masa ranarsa kika yi ba, ƙara mata daraja kika yi.

Amma kada ki yi wa kowa shigar bazata. Cikin makon nan ki sami Munsif da liman, ki ba su sunayen duk waɗanda suka rasu a unguwarku bana. Sanarwa za ki kai, ba izini za ki nema ba. Tunda Munsif ya haɗa ki da nonon Dada, ki ce masa da nonon nan shi zai kira sunanta da bakinsa, a matsayin ɗa.

Bayan an ci abinci, a ba Sausan tabarma a inuwa maimakon lasifika. Ta zo da wanda ya san shari'a don masu son goge kalmar nan daga takardunsu, a rubuta samarin da ke neman aiki, a bar masu ciwo a rai su faɗi nasu. Daga nan a tayar da maganar buɗe babbar makabarta ga kowa.

Ba zan yaudare ki ba, wasu za su tsaya a mararraba. Wataƙila har da Munsif, in haka ta faru zai yi miki zafi, amma shi ya zaɓa, ba ke kika yar da shi ba. Ko mutum goma ne suka bi hagu, goman nan ba su taɓa bi ba.

Ki dafa kuskus yadda ta koya miki. In an tashi fita, ki ba wata riƙon ludayi, ki ɗauki butar ruwa ki shiga bayan kawunki. Shekara arba'in Dada tana bakin murhu tana jin gangar nan tana nisa da ita. Bana ki kai mata ita har inda take kwance.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya miki rai.

Zuhur