Baba Ya Je Sallama da Gadar Jirage

Zuwa ga ƙanena Rab Nawaz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can Karachi, Allah ya tsare ku, ya ƙara rufa asiri. Mu nan Dera lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma gasa gurasa da kanta, wai tawa ba ta nuna. Baba ne dai idon ya ƙara dushewa, yanzu da murya yake gane mutum.

Maganar gadar nan ta jiragen ruwa da ake ɗaurewa a jere ce ta sa na rubuto. Ka san duk shekara in kogin Sindh ya taso akan kwance ta, a ja jiragen bakin gaɓa har ruwa ya janye. To bana in an kwance ba za a sake ɗaurawa ba, don ta siminti ta kusa kammaluwa. Ranar Laraba Baba ya matsa sai an kai shi, wai gadar da ya tsufa yana buɗewa ba zai yi mata sallama daga ɗaki ba. Muka kai shi ni da maigidana Ghulam Sarwar, muka tarar da wani jirgin itace yana jiran hanya. Aka tsayar da amalanke da raƙuma, aka ɗage katakan tsakiya, aka zare sarƙa, jirage biyu na tsakiyar gadar suka bi ruwa a hankali, hanya ta buɗe. Tsoffin abokan aikinsa suna ta tsokanarsa wai makaho ya zo duba aiki, shi kuma ya ce su masu idon ai ba su taɓa ƙulla igiya daidai ba.

Da za a jawo jiragen a rufe, suka miƙa masa bakin igiya. Sai ya ɗaga murya ya kira sunanka, ya ce ka kama bayansa kamar yadda kuka saba. Ghulam Sarwar ya amsa, ya kama, suka ja har gadar ta haɗe. Na ɗauka tsufa ne ya ruɗa Baba. Sai a hanyar gida ya ce mini a hankali, "Bakhtawar, na san ba shi ba ne. So na yi kawai in kira sunan a kan gadar."

Ban ce ka bar aikinka ba, ƙanena, amma zumunci a ƙafa yake. Ruwa ya fara sauya launi, alamar kogin ya kusa tasowa. Ka zo ka riƙe hannun Baba ku haye gadar tare tun tana nan.

Ka gaida Zarina da ɗanku Mithal. Inna da Goggo Wazeeran suna gaishe ku.

Yayarka,
Bakhtawar