Abin da Na Rubuta Ba Shi Yayana Ya Faɗa Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karantawa. Allah Ya saka da alheri. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ba wanke kaina na zo yi ba, na san ni ce mai laifi. Abin ne ya fi ƙarfin kaina, kuma ba ni da wanda zan iya faɗa wa baki da baki.

Ni 'yar Haɗeja ce, ina shekarar ƙarshe a jami'a, ba zan faɗi wacce ba. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Yaya Bukar duk da ba sunansa ba ne. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami. Babanmu manomin shinkafa ne a fadama, kuma shi a ra'ayinsa 'ya mace in ta gama sakandare ta gama. Da Yaya ya samu gurbin karatu, shi ya zauna gaban Baba ya ce, "Baba, wa zai riƙa karanta mini? Ka bar ta mu tafi tare." Haka na shiga jami'a, shi yana karanta tarihi, ni ina sashen kimiyya.

Shekarar farko ya sha wuya, don babu wani tanadi da aka yi wa makafi. Wata malama ce a sashensu, zan kira ta Malama Hajara, ta riƙa bin ofis-ofis har aka yarda a ware musu ɗaki lokacin jarrabawa, a ƙara musu lokaci, kuma kowa ya kawo wanda zai rubuta masa daga wani sashen, shi yana faɗa ana rubutawa. Da aka ji ni ƙanwarsa ce aka ce ba zai yiwu ba. Malama ta ce, "Ni na tsaya mata. Yarinyar nan ba za ta ba ni kunya ba." Na yi alkawari a gabansu cewa abin da bakinsa ya furta kaɗai zan rubuta, kuma wallahi shekaru na riƙe alkawarin nan. Ko ya yi kuskure ina ji ina gani, haka nake rubutawa.

Sai daminar da ta wuce kogi ya cika ya fasa, ruwa ya shanye gonar Baba, ya raba ƙauyen da yake zaune da hanya, wayarsa kuma ba ta shiga. Yaya ya ce shi ba zai zauna a makaranta bai ji muryar Baba ba. Muka tafi, muka hau kwalekwale, a tsakiyar ruwa ya karkata, jakarsa ta faɗa. Wayarsa tana ciki, kuma duk darussan zangon da ya naɗa da muryar malamansa suna cikin wayar nan. Mai ido in littafinsa ya jiƙe ya ari na wani, shi fa? Da muka koma jarrabawa ta ƙarato. Na karɓo takardun darasi wajen 'yan ajinsu ina karanta masa ina maimaitawa har muryata ta dushe, amma hankalinsa ba ya wajen, yana can wajen Baba da ruwa. Ni da nake karantawa ni na haddace, shi da ake karanta wa bai riƙe ba.

Ranar jarrabawar muna ɗakin mu uku, ni da shi da mai sa ido, wanda ya ja kujera bakin ƙofa yana danna waya. Na karanta wa Yaya tambaya, ya fara, ya haɗa wannan sarki da wancan zamani, ya ce in goge, ya sake farawa. Gumi yana zuba ta ƙarƙashin hularsa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Amsar kuma ga ta a kaina layi-layi. Ya zan yi in zuba ido ya faɗi, bayan na san ba wasa ya yi ba? Sai kawai hannuna ya fara rubuta abin da na haddace. Yana faɗin nasa, ina rubuta nawa. Yana cewa, "Kin rubuta?" ina cewa, "Na rubuta, Yaya." Har aka karɓi takarda ban ji tsoro ba, daɗi ma na ji, wai na cece shi.

Malamin darasin yana dubawa ya gane kalmominsa ne aka kwafe babu ragi babu ƙari. Aka kira mu gaban kwamitin ladabtarwa. Ni aka fara shigarwa. Shugaban ya ce, "Abin da ya faɗa kika rubuta?" Malama Hajara tana gefe tana kallona. Na tuna kora, na tuna fuskar Baba, na ce, "Eh, abin da ya faɗa na rubuta." Aka shigo da Yaya aka ce ya maimaita amsar tambaya ta farko. Ya faɗi abin da ya sani, aka karanta masa abin da ke takardar, na ga ya ɗago kai kamar an mare shi. Shi kuma mai sa ido, don kada a ce bai yi aikinsa ba, sai ya ce ai ya ga Yaya yana yawan taɓa kunnensa ta ƙasan hula. Shi ke nan aka ce na'urar sauraro ya ɓoye, ana karanto masa yana faɗa mini. Yaya ya ce, "Wallahi ban shiga da komai ba." Shugaban ya ce, "To ƙanwarka ce maƙaryaciya ke nan?" Yaya ya ce, "Ƙanwata ba ta ƙarya." Ina zaune a wajen, jama'a. Ina ji. Ban buɗe baki ba.

An dakatar da shi har a yanke hukunci. Ba a tsaya nan ba, an soke tsarin kowa ya kawo mai rubuta masa, an ce makaranta za ta samar, kuma har yau ba a samar ba. Akwai wata makauniya 'yar Kaugama da ke aji biyu, an yi gwaji ta zauna a waje don babu mai rubuta mata. Na ji da kunnena wani malami yana cewa dama masu lalurar nan da tausayi suke fakewa su yi maguɗi. Malama Hajara kuwa in mun haɗu sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, ya ja ki cikin abin da ba ki sani ba." Wace irin mutum ce ni da zan tsaya ana ba ni haƙuri?

Da na je gida na tarar da Yaya a zaure yana tufka igiya. Baba ya daina yi masa magana sai gaisuwa, yana cewa bai haifi mai ha'inci ba. Na durƙusa na ce, "Yaya, akwai maganar da zan faɗa maka." Bai daina tufkar ba ya ce, "Na sani. Tun da aka karanta layin farko na ji muryarki a ciki." Na fashe da kuka na ce tausayinsa ne ya sa. Ya ce, "Da kin bar ni na faɗi, da faɗuwar tawa ce, in sake zama in ci. Yanzu duk abin da na ci a baya ma ba wanda zai yarda ni na ci. Ni kaina na fara tambayar kaina, ko dama can ke ce." Na rantse masa sau ɗaya ne tak. Ya ce, "To. Amma ban yarda ki je ki faɗa ba. In kin faɗa ke za a kora, ni kuma ba lallai a wanke ni ba, za a ce baki muka haɗa. Gara ɗayanmu ya gama." Ya ci gaba da tufkarsa, ni kuma na tashi.

Kwamitin zai sake zama kwanan nan, kuma an ce in je in maimaita shaidata. In na bi maganar Yaya, zan fita da takardar digiri, shi ya zauna da sunan mai satar jarrabawa, sauran makafin kuma su ci gaba da zama a waje saboda ni. In na faɗi gaskiya, na saɓa masa a karo na biyu, wataƙila mu biyun mu dawo gida hannu biyu, kuma ban san da wane ido zan kalli Malama ba. Ko sallah na tayar, maganar ce take yawo a kaina. Malamai, iyaye, da ku masu lalura irin tasa da kuka san abin da ni ban sani ba, don Allah ku faɗa mini. Me zan yi?